Sarƙar da Ba Ta da Mai Ita: Sharhi kan Tashe da Faɗuwar Shagunan Kaset a Maraɗi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba duba kundayen da ɗalibai ke rubutawa kan waƙar baka, daga Yamai har Sakkwato da Kano, ya san wata kalma da ke yawan fitowa a inda ake faɗin madogarar waƙa, wato "kaset". Sau da yawa kalmar ita kaɗai ke tsayawa, ba shekara, ba wurin da aka rera waƙar, ba sunan wanda ya ɗauke ta. Shi kuwa wannan kaset daga shago ya fito, irin shagon da a Nijar ake ce wa diskotek. Ke nan wani babban ɓangare na abin da muke kira matanin waƙar baka ya bi ta hannun ɗan kasuwa kafin ya iso hannun manazarci.

Waɗannan shaguna sun yi tashe a Maraɗi tun daga ƙarshen shekarun 1970, suka kuma mutu ko suka sake sana'a bayan shigowar wayar salula. Mutane na tuna su da bege, kuma suna da hujjar yin haka. Manufar wannan takarda ita ce ta auna wannan bege a ma'aunin nazari. Za a fara da wani fim da aka yi kan jerin shagunan faifai mafi suna a Amurka, domin shi ne misalin da ya fi fitowa fili na yadda ake ba da irin wannan labari. Daga nan za a dubi yadda tamu sarƙar ta ƙullu tsakanin Kano da Maraɗi da garuruwa irin su Tibiri da Jiratawa. Ra'ayin da takardar ke karewa shi ne: mai shagon kaset shi ne editan farko na waƙar baka a wannan zamani, ya yanka, ya raɗa suna, ya zaɓa, kuma abin da aka yi asara da faɗuwar shagon shi ne sanin da ke kansa, domin su waƙoƙin suna nan suna yawo.

2.0 Labarin Tower Records da Yadda Aka Ba da Shi

Russ Solomon ya buɗe shagon Tower Records na farko a 1960 a garin Sakramento na jihar Kalifoniya. Ya ƙara wani a San Faransisko a 1968, wani a Los Anjalas a 1970, sannan ya ƙetara zuwa Japan, daga baya Ingila da wasu ƙasashe. A 1999 cinikin kamfanin ya kai dalar Amurka biliyan 1 a shekara. A 2004 ya kai kansa kotu saboda bashi, a 2006 kuma aka karya shi aka rufe shagunansa na Amurka baki ɗaya. Reshen Japan kaɗai ya tsira da ƙarfinsa, domin tun 2002 aka sayar da shi ya zama mai cin gashin kansa. Waɗanda suka yi karatu a Faransa sun ga irin wannan a babban shagon Virgin Megastore na birnin Paris, wanda aka buɗe a 1988 aka rufe a 2013.

A 2015 Colin Hanks ya fitar da fim mai suna All Things Must Pass kan tarihin Tower. Fim ɗin yana da abin yabo guda babba: bai ɗora wa intanet laifin duka ba. Ya nuna cewa kafin manhajar Napster ta fito a 1999, kamfanin ya riga ya ci bashin dala miliyan 110 don buɗe rassa a ƙasashen da ba su biya shi ba, manyan kantunan sayar da kayan masarufi suna karya farashin faifai don su jawo masu saye, su kuma kamfanonin buga faifai sun yi watsi da ƙaramin faifai mai waƙa ɗaya ko biyu don su tilasta wa yaro sayen babba mai tsada. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Rauninsa kuwa yana wajen waɗanda aka bai wa baki. Mai kamfani ne ke magana, da tsofaffin manyan ma'aikatansa, da mashahuran mawaƙa irin su Elton John da Bruce Springsteen, kowa na tuna ƙuruciyarsa. Mai kallo zai fita da sanin cewa wurin ya yi daɗi. Ba zai fita da amsar tambayar da ta fi damun manazarci ba, wato me shagon ya yi wa ita kanta waƙar: wace ya sa a gaba, wace ya bari a baya, wa ya ci riba, wa ya tashi a tutar babu. Darussa biyu ke nan za mu ɗauka zuwa Maraɗi: kada a tsaya ga dalili guda wajen bayanin faɗuwa, kada kuma a bar bege ya zama shi ne nazarin.

3.0 Yadda Sarƙar Maraɗi ta Ƙullu

3.1 Kafin Kaset

Kafin kaset, hanyoyi uku ne mutumin Maraɗi ke jin waƙa. Ta farko ita ce ya je inda ake yin ta: ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi ko ta Sarkin Gobir a Tibiri, gidan biki, filin kokowa, dandalin ƴanmata, wasan bori, ko gonar da ake gayya. Erlmann (1981) ya yi nazarin rayuwar makaɗan wannan kwari na Maraɗi a lokacin da wannan hanya ke da sauran ƙarfinta. Ta biyu ita ce rediyo, musamman Muryar Sahel daga Yamai da gidan rediyon Kaduna, wanda aka kafa a 1962, wanda shirinsa na Zaɓi Sonka bai san iyakar ƙasa ba. Ta uku ita ce faifan garmaho, wanda kamfanoni irin su EMI da Decca ke bugawa a Nijeriya. Garmaho kayan masu hali ne, faifansa na fashewa, rana na lanƙwasa shi, kuma mai shi ba ya iya ɗaukar komai da kansa.

Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963. Abin da ya bambanta shi da faifai shi ne rikoda tana ɗauka kamar yadda take faɗi, tana aiki da batir, ana rataya ta a kafaɗa. Manuel (1993) ya nuna yadda wannan sauƙi ya karya ƙarfin babban kamfanin faifai a Indiya ya buɗe ƙofa ga ɗaruruwan ƙananan ƴan kasuwa. Kusan haka aka yi a Nijeriya: zuwa ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 kamfanonin Turawa sun janye, EMI ya koma Ivory Music, PolyGram ya koma Premier, a arewa kuwa harkar ta faɗa hannun masu kwafi.

3.2 Daga Ƙofar Wambai zuwa Jiratawa

Kaset ya iske Maraɗi a shirye. Grégoire (1986) ya bayyana yadda Alhazan Maraɗi, bayan cinikin gyaɗa ya durƙushe da farin 1973 zuwa 1974, suka mai da ƙarfinsu ga fataucin ƙetare iyaka da Nijeriya, suna dogaro da dangantakar ubangida da bara da kuma bashin da amana ce kaɗai takardarsa. Kuɗin man fetur a can da na yuraniyom a nan sun sa rikoda ta shiga gidajen da ba su taɓa mallakar garmaho ba, har ta zama cikin tsarabar ɗan cirani da kayan ɗakin amarya.

Cibiyar harkar ita ce kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, wadda Larkin (2008) ya yi wa cikakken bayani. A can ake jera na'urori ana kwafi daga uwar kaset, a can dillalai ke ba abokan hulɗarsu kaya bashi, su sayar su kawo kuɗi su ɗauki sabo. Daga Kano kaya na bin hanyar Katsina da Jibiya, su ƙetare ta Ɗan Isa su sauka Maraɗi. Ko rufe iyakar da Nijeriya ta yi daga Afrilun 1984 zuwa Maris na 1986 bai tsinka wannan igiya ba, ya dai ƙara wa ƴan sumoga aiki. Mai shago a Maraɗi yakan ajiye kwafi ɗaya ya zama uwa gare shi, ya sayi kaset marar komai, TDK ko Sony ko Maxell, ya riƙa ɗora wa masu saye. Ranakun Litinin da Juma'a, da kasuwar birni ke ci, masu talla na cika akwatinsu a wurinsa, su bi kasuwannin mako: Tibiri ta arewa maso yamma, Jiratawa ta kudu, da ƙauyukan bakin gulbi. Can ma wani mai rikoda biyu zai sake kwafa wa maƙwabtansa.

Wannan ita ce sarƙar shagunanmu. Ba ta da Solomon, ba ta da hedikwata ko allon suna guda, babu kotun da za ta iya karya ta rana ɗaya. Abin da ya haɗa zobbanta shi ne bashi da kwafi. Kowane zobe kuwa na rage wa sauti kaifi: kaset ɗin da ya isa hannun manomin fadamar Jiratawa jikan jika ne ga wanda aka ɗauka a wurin wasa, kalangu ya dushe, shuu ta ƙaru, wani lokaci saurin na'ura ya ɗaga muryar mawaƙi ko ya sauke ta. Duk ɗalibin da ke nazarin karin murya ko amon kiɗa daga irin wannan kaset ya kamata ya san da haka.

Ba a banza ake begen shagon ba. Lasifikarsa na fuskantar titi, wanda ba ya da ko dala ya tsaya ya ji kyauta. Bencin ƙofarsa majalisa ce, inda ake gardamar wace waƙa ta fi wace, da wanda aka yi wa zambo a wane ɗan waƙa. Mai shago ya san masu sayensa: direban da ke son Shata don hanyar Damagaram, mahaucin da ke neman Ɗan Anace, uwar biki mai neman Barmani Coge, samarin da ke jiran sabon kiɗan Indiya. Mutum kan zo da gindin waƙa kawai a bakinsa, ya rera, mai shago ya miƙa hannu ya zaro kaset ɗin.

4.0 Hannun Mai Shago a cikin Matanin Waƙa

4.1 Yanka

Waƙar baka ba ta da tsawo tsayayye. Mawaƙi na ƙara ɗiya ko ya rage gwargwadon taro da wanda ya shigo da abin da aka ba shi. Faifan garmaho na farko yana ɗaukar kamar minti 3 a kowane gefe, don haka abin da aka ji a kansa guntu ne da aka tsara don na'ura. Kaset ya saki wannan mari: mai lamba 60 na ɗaukar minti 30 a gefe, mai lamba 90 minti 45. Wannan ci gaba ne na gaske, domin a karon farko an iya sayen waƙar fada ko ta dambe da kusan tsawonta na fili, har da kirarin sanƙira da guɗa.

Amma zare na ƙarewa inda ya ƙare. In waƙa ta fi gefe tsawo, sai ta yanke a tsakiyar ɗa, a juya, wani lokaci a ci gaba, wani lokaci a shiga wata. In ta gaza, mai shago ba zai bar zare fayau ba, sai ya cike da guntun wata waƙa, ko da ta wani mawaƙi ce. Wanda ya kwafa daga gare shi ya gaji yankan da cikon duka. Gusau (1993) ya sa ƙirga ɗiyan waƙa da bin zubinsu cikin matakan nazari. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: ɗiyan da muka ƙirga, mawaƙi ne ya tsaya a nan ko zare ne ya ƙare? Bakandamiyar Shata misali ce a fili. Ya rera ta sau da dama a wurare daban-daban, ɗiyanta na sauyawa. Ɗalibin da ya rubuta ta daga kaset guda ya ce ga Bakandamiya, rerawa ɗaya ya rubuta, a yadda wani mai kwafi ya ga damar yanka ta.

4.2 Raɗa Suna

Makaɗin gargajiya bai cika raɗa wa waƙarsa suna ba. Ana kiran ta da gindinta ko da sunan wanda aka yi wa. Sai da waƙa ta zama haja aka bukaci abin rubutawa a bayan kwali, mai shago ya ɗauki biro ya rubuta, da boko ko da ajami, abin da masu saye ke kiran ta da shi. Sakamakon haka waƙa ɗaya na iya samun suna biyu tsakanin Katsina da Maraɗi, waƙoƙi biyu kuma su yi tarayya a suna ɗaya don ubangida ɗaya aka yi wa. Akwai kuma jingina waƙa ga wanda ya fi suna. Kaset ɗin ƙaramin makaɗin kotso zai fi saurin fita in aka rubuta Ɗankwairo a kansa, kuma bayan kwafi uku ko huɗu kunne ba ya iya musantawa cikin sauƙi.

Shekara kuwa ba a rubuta ta sam, domin ba ta ƙara wa kaya kuɗi. A nan za a ga bambancin taskoki biyu da muke da su. Fayafan da kamfanin Ocora na Faransa ya buga na kiɗan Nijar a shekarun 1960 suna ɗauke da bayanin wuri da kayan kiɗa, amma a Turai aka saurare su. Kaset ɗin shago ya shiga kowane zaure, amma bayaninsa yana cikin kan mai shago: shi ya san wannan a wane biki aka ɗauke ta, wancan daga rediyo aka tsotse ta, wannan kuma wani direba ne ya kawo ta daga Gusau.

4.3 Zaɓe

Abin da ke fita shi ake sake kwafa, abin da bai fita ba a shafe shi a ɗora wani a kai. Wannan sauƙin shafewa ya sa kasuwa ta zama mai tace waƙa. Kuma da yake uwar kaset daga kudu take zuwa, mizanin ya karkata can. Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗankwairo, wanda ya rasu a 1991, da Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, sun cika kantocin Maraɗi. Ba wanda ke musun gwanintarsu. Amma makaɗan fadar Tibiri, da masu garaya da goge na bori, da masu gangar noma na ƙauyukan gulbi ba su da dillali a Ƙofar Wambai. In an ɗauke su, wani mai rikoda ne ya ɗauka a wurin wasa, kwafi kaɗan ya yi yawo a unguwa ya ɓace. Waƙoƙin kokowa sun ɗan tsira saboda gasar takobi ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, ta ba su rediyo da kasuwa.

Abin da ya biyo baya a jami'a shi ne, ɗalibi na zaɓen mawaƙin da zai iya samun waƙoƙinsa. Tun daga kundin digiri na uku na Ɗandatti Abdulƙadir a 1975 har zuwa littafin Shata Ikon Allah na Ibrahim Sheme da abokansa a 2006, an yi wa Shata hidimar da ta dace da shi. Makaɗan Gobir da Katsinan Maraɗi ba su sami ko kusa da haka ba. Jerin manyan mawaƙan da muke koyarwa ya yi kama ƙwarai da jerin da ke bisa kantar diskotek, kuma ya kamata mu tambayi kanmu wanne ya haifi wanne.

5.0 Abin da Bege ke Rufewa

Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Masu begen shagon kaset ba su cika tuna cewa an gina shi ne bisa muryar mutanen da ba a biya ba. Nijeriya ta yi dokar haƙƙin mallaka a 1988, Nijar ta yi tata a watan Maris na 1993, aka kuma kafa hukumar BNDA a tsakiyar shekarun 1990 don karɓar wa masu fasaha haƙƙinsu. Amma doka ba ta iya bin kaset daga rikoda zuwa rikoda.

Sai dai cutar ba ɗaya ba ce ga kowa. Makaɗin gargajiya ba daga sayar da waƙa yake ci ba. Abincinsa na wurin ubangida da masu biki: riga, doki, mota, kujerar Makka. A gare shi kaset maroƙi ne da ba ya gajiya, yana kai sunansa da na ubangidansa inda ƙafarsa ba ta taka ba, gayyata ta ƙaru. Wanda abin ya kassara shi ne ɗan kiɗan zamani, mai sayen jita da ganguna da lasifika, mai biyan ɗakin ɗaukar sauti. Gasar Ɗan Gurmu da aka fara a 1987 da cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da aka buɗe a Yamai a 1989 sun fito da mawaƙa, amma ba su samar musu kasuwar da za ta biya su ba. Sa'adu Bori na Maraɗi, wanda ya ɗauko kiɗan bori ya ɗora bisa kayan zamani, ya yi suna har cikin Nijeriya ta hanyar kaset. Faifan da ya yi da Musa Pusi, Niamey Twice, kamfanin Stern's ne na Landan ya buga shi a 1994. Ya rasu a haɗarin mota a 2008. Babu wani littafin ciniki a Maraɗi ko Kano da zai gaya mana kwafi nawa aka sayar na waƙoƙinsa, balle abin da ya kamata ya shiga aljihunsa.

Masu finafinan Kano, waɗanda suka fara da Turmin Danya a 1990, sun gano wata dabara da Larkin ya bayyana: mai fim ya buga kwali ya sayar wa dillali, dillali ya kwafa fim a kaset ɗinsa ya sa cikin kwalin. Wato da yake ba a iya tsare sauti da hoto, sai aka mai da haƙƙi kan takarda. Makaɗan baka ba su sami ko wannan ba.

6.0 Faɗuwa

Kamar Tower, shagon Maraɗi bai faɗi da bugu ɗaya ba. Ana iya ware matakai huɗu.

Na farko, kuɗi. Karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994 ya tsadar da duk abin da ake shigowa da shi daga waje, har da rikoda da kayan gyaranta, a lokacin da albashi ke makara watanni.

Na biyu, rediyo mai zaman kansa. Daga tsakiyar shekarun 1990 tashoshin FM irin su Anfani suka buɗe, har suka iso Maraɗi. Abin da lasifikar shago ke yi wa titi guda, sai tasha ta riƙa yi wa gari duka da ƙauyukansa, da Hausa, tare da gaisuwa.

Na uku, sauyin haja. Finafinan Hausa, musamman bayan Sangaya a 1999, sun kawo waƙar fiyano, wadda ta janye kunnen matasa daga kalangu da kotso. Fati Nijar, haifaffiyar Maraɗi, a Kano ta yi suna cikin wannan salo. A ɗaya gefen kuma wa'azi da tafsiri, waɗanda tun zamanin Shaihu Abubakar Gumi suke da kantarsu a shago, suka ƙara faɗi har wasu shagunan suka koma nasu kacokan. Sounaye (2011) ya yi nazarin irin wannan diskotek ta addini a Nijar. Faifan CD da na bidiyo da suka maye gurbin kaset a farkon shekarun 2000 sun fi shi arha da saurin kwafi, riba ta ragu, masu turawa a baro suka yi yawa.

Na huɗu, waya. Kamfanin Celtel ya fara aiki a Nijar a 2001. Zuwa ƙarshen shekarun 2000 wayoyi masu katin memori da Bluetooth sun cika kasuwa, yaro mai kwamfuta ɗaya a bakin tasha na tura ɗaruruwan waƙoƙi cikin kati da kuɗin da a da bai sayi kaset guda ba, abokai kuma su tura wa juna kyauta. Sarƙar da kwafi ya gina, kwafin da ya fi nata sauƙi ne ya kwance ta.

A nan ne asarar da aka ambata a gabatarwa ta fito fili. Waƙa a cikin kati ba ta da ko kwalin da za a rubuta wa suna. Lamba ce, ko sunan da wani ya ga dama ya latsa. Mdou Moctar, mawaƙin Abzinawa na Nijar, ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a Sakkwato a 2008, suka bazu a wayoyi har Mali. Lokacin da Christopher Kirkley ya tattara irin waɗannan waƙoƙi ya fitar da su a faifai a 2011, sai da ya sha wahalar bin sawu kafin ya gano masu su. In haka ta faru ga mawaƙin da ke raye yana tashe, ina ga makaɗin fadar Tibiri da aka ɗauka shekaru arba'in da suka wuce? Tsofaffin waƙoƙi da yawa yanzu suna YouTube da WhatsApp, wasu ɗauke da hoton wani mawaƙi daban, kuma ɗalibai sun fara kafa hujja da su.

7.0 Kammalawa

An ga cewa fim ɗin Hanks ya yi daidai wajen rarrabe dalilan faɗuwa, ya gaza wajen tambayar abin da shago ya yi wa waƙa. An ga kuma cewa sarƙar Maraɗi, wadda ba ta da mai ita, ta yanka waƙar baka, ta raɗa mata suna, ta tace ta, ta yaɗa ta ba tare da biyan mai ita ba, sannan ta mutu da bayanin a bakinta. Tower ya bar takardun kamfani da hotuna da shugabannin da aka yi hira da su. Namu shagunan sun bar kwalaye cikin ɗakunan ajiya, inda zafi da ƙura da gara ke cin zare, da dattawan da suka koma sayar da kayan waya ko suka zauna gida.

Abubuwa uku ke gaban sassanmu. Na ɗaya, a daina karɓar "kaset" ko "intanet" a matsayin madogara a kundi. Ɗalibi ya faɗi inda ya samo, da abin da ke rubuce a kwali, da inda waƙar ta yanke. Na biyu, a ɗauki tsofaffin masu diskotek na Maraɗi da masu tallar kasuwannin Tibiri da Jiratawa a matsayin masu ba da labari, kamar yadda ake ɗaukar maroƙa da ƴan amshi, a zauna da su da kaset a hannu, a sa su ji su faɗi abin da suka sani. Wannan aiki ne da ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo za su iya yi ba tare da kuɗin mota mai yawa ba. Na uku, a nemi haɗin kan IRSH da CELHTO a Yamai don a juye uwayen kaset ɗin da suka rage zuwa kwamfuta, a fara da na makaɗan gida waɗanda ba su da kwafi a Kano, a kuma ɗauki hoton kowane kwali tare da sautinsa. Zare yana iya jiran wasu ƴan shekaru in an raba shi da rana. Mutanen da suka san abin da ke kansa su ne ba su da wannan lokaci.